Rabin Askin Lawal Kwando

Kai Nura, kashe injin nan tukuna, ƙararsa ta ishe ni. Tun hantsi nake zaune a shagon nan ina kallonku, kowa ya toshe kunnuwa da waya, mutum ya shigo ya zauna ya tashi ba ku ko san irin muryarsa ba. Wai ku nan wanzamai! Ɗazu ma da kunnena na ji kana gaya wa abokinka aski ba wani abu ba ne, duk wanda aka damƙa wa inji zai yi. To jawo benci ku zauna. Ni kakanku na yi aski a babbar kwaleji tun iyayenku ba su san hanyar makaranta ba, kuma akwai kan da na aske rabi na tsaya da gangan.

Aikina na farko ba a kan mutum na yi shi ba, a bayan ƙwarya ne. A zauren gidanmu na Ƙofar Marusa babana, Allah ya jiƙansa, zai kife ƙwarya ya shafe ta da kumfar sabulun salo, ya miƙo mini aska ya ce in kwashe kumfar kada in bar zane ko ɗaya. In ya ɗaga ta a hasken ƙofa ya ga karce, ba ya faɗa, sai dai ya ce, "Sule, wannan Alhajin ka yanke shi, sai ka je ka ba iyalinsa haƙuri." Na yanki Alhazan ƙwarya ba iyaka kafin a bar ni in taɓa kan ƙannena. Ga wasa aska a dutse, ga goga ta a fata, ga ɗaukar zabira in bi shi gida-gida ranar Juma'a da safe, don kowane tsohon gida a birni yana da wanzaminsa, uba ya bar wa ɗa. Abin da ya fi nanata mini shi ne hannun hagu. Ya ce na dama kowane wawa yana da shi, amma na hagun da ke riƙe da kai shi ke gaya maka ko mutum yana zazzaɓi, ko wuyansa ya sandare, ko bai yi barci ba. A lokacin na ɗauka surutun tsofaffi ne kawai.

Kan ɗalibi na farko da na aske a kwaleji na wani ɗan Malumfashi ne, da kilifa ta hannu, irin wadda ake matsawa har yatsu su ƙage. Ta cije masa gashin ƙeya, ya yi tsalle ya kifar mini da ruwan sabulu, ya ce shi bai zo a fige shi ba. Zamanin da kuɗin mai suka ɓarke ke nan. Kwalejin horon malamai ce a bayan gari, ba sai na faɗi sunanta ba, ta cika ta batse da samari daga Daura, Funtuwa, Kano, har da 'yan kudu. Abinci kyauta, kaza ranar Lahadi, a wanke musu kaya a goge, kuma a ba su alawus. Firinsifal ya gaji da su suna sulalewa gari da sunan aski, sai ya ce a kawo wanzami ciki. Aka ba ni rumfa a gindin bedi, kusa da ɗakin cin abinci, na kafa benci, na rataye madubi a jikin itacen. Suka raɗa mini suna Wanzam, ko Malam babu. Na ci kasuwa, ban ɓoye muku ba, ranar Alhamis sai hannuna ya gaji kafin layi ya ƙare.

Sai shekarar afro ta zo. Kai jama'a! Ban san daga ina abin ya faɗo ba, aka dawo hutu kawai na ga kowane yaro ya tara suma ya tayar da ita sama, ga wando mai faɗin ƙafa yana share ƙasa, ga takalmi mai tudu. Ba mai aski. In zauna in wasa aska, in goga, in sake wasawa, har ta fara sirancewa. Kwastomomina suka koma liman, da masu gadi, da wani kuku mai sanƙo wanda aikinsa ba ya wuce shafa biyu. Abin haushin ma, 'yan banzan sai su biyo ta rumfata bayan sun ci kaza, su tsaya gaban madubina suna daddanna sumar da tafin hannu, su ce, "Wanzam, ya aiki?" In ce aikin ubanku. Su kwashe da dariya su wuce.

Sarkinsu wani ne Lawal, ɗan wani tsohon gida a Gobarau. Don tulin sumarsa sai ya sunkuya yake shiga ƙofar aji, shi ya sa suka ce masa Kwando. Dogo, fari, mai surutu, kullum da 'yar rediyo a hammata da mataji mai dogayen haƙora soke a suma. Gidansu gidan askinmu ne tun kakanni, don haka tsokanarsa ta fi ta kowa. Ya zo ya tsaya ya ce, "Wanzam, taɓa ka ji, kyauta ne, amma da hannu banda aska." Ni kuma in ce ranar da kan nan ya shigo hannuna sai na cika matashi da shi na kwanta a kai. Ina son yaron, duk da haushin da yake ba ni.

A cikin wannan zaman banzan ne Sista Rakiya ta tara mu. Ita ce mai kula da ɗakin shan magani na kwaleji, mace gajeriya mai murya, tana da 'yar mota kunkuru da sai an tura take tashi. Ta yi kwas a wani asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa a kudu. Ta kira mu ƙananan ma'aikata, kuku da masu wanki da masu gadi da ni, ta zaunar da mu a barandarta ta raba mana lemo. Ta ce ɗalibin da aka rasa a hutun bara, wanda aka ce mana gajeriyar rashin lafiya ce, ba haka ba ne, shi ya kashe kansa, kuma ba ta son a sake. Ta ce malamai suna ganin yaran nan a aji sun yi wanka sun shirya fuska, mu ne muke ganinsu yadda suke. Wanda ya daina cin abinci, kuku ya sani. Wanda ya daina kawo wanki, mai wanki ya sani. Mai surutu da ya yi tsit, wanda ya fara rabar da kayan da yake ji da su, wanda yake magana kamar mai sallama, duk a gaya mata.

Ni da bakina ba ya shiru, na ce, "Haba Sista, ɗan Musulmi? Ga ci ga sha ga alawus, me aka yi masa?"

Ta juyo ta kalle ni ta saman tabarau. "Malam Sule, ɗan Musulmi yana zazzaɓi?"

Na ce yana yi.

"Yana karaya?"

Na ce ƙwarai.

"To zuciya da ƙwaƙwalwa ma suna ciwo, kuma ba sa tambayar ko ka ci kaza. Ciwo ne, yana da magani." Sannan ta ce abin da ya fi ba ni tsoro. Ta ce in ka yi zargi, ka tambayi mutum kai tsaye, ka kira abin da sunansa, tambaya ba ta sa wa mutum abin da babu a ransa. In ya ce e, kada ka yi masa wa'azi, kada ka yi masa faɗa, kada ka bar shi shi kaɗai, ka kawo mata shi. Na shanye lemona na koma gindin bedi ina cewa a raina ni dai ba da bakina ba.

Watan Sha'aban ya kama, ana shirin azumi, sai labari ya cika kwaleji wai Kwando ya shiryu. Kun san al'adarmu, in azumi ya matso ko mutum zai tafi Makka, yakan bi mutane yana neman yafiya. To Lawal ya bi ɗaki-ɗaki, ya bi malamai, ya bi har masu shara, kowa ya ce masa a yafe masa. Ya ba wani takalminsa mai tudu, ya ba wani agogo. Ya daina hayaniya. Liman, wanda ya daɗe yana huɗuba a kan sumar nan, har misali ya yi da shi bayan sallar la'asar, ya ce ku ga yadda Allah ke juya zuciya. Abokan ɗakinsa suna ta yi masa kirarin Ustazu. Kowa yana murna, don a wurinmu wanda ke neman yafiya mutumin kirki ne, ba wanda ya tsaya ya tambaye shi ina za shi.

Ranar wata Alhamis bayan azahar ina gyangyaɗi, sai na ji an zauna a benci. Na buɗe ido, Lawal ne, shi kaɗai, rediyo a hannu.

"Wanzam, a kwashe shi duka. Tal-kwabo."

Na ce, "Tashi ka ba ni wuri, ban da lokacin wasa."

Ya ce, "Da gaske nake."

Wallahi sai da na yi rawa. Na ƙwala wa masu wanki kira su zo su shaida, suka leƙo suka yi shewa suka koma bakin aikinsu. Na yafa masa farin ƙyalle, na ɗauki almakashi na fara ta dama, don irin wannan suma ba a sa mata aska sai an sassabe ta. Gashi yana zuba har ya rufe mini ƙafa. Na jiƙa ɓangaren da ruwan sabulu, na ɗora hannun hagu, na fara jan aska daga goshi zuwa ƙeya ina 'yar waƙata.

Hannun hagun nan ne ya fara hana ni waƙar. Wuyan yaron ya sandare kamar icce. Cikin sumar ya dunƙule, fatar kan duk datti, alhali wannan yaro ne da yake wanke kansa kullum yana shanya shi a rana muna dariya. Ƙashin bayan kunnensa ya fito, ya rame ƙwarai, sumar ce ta ɓoye. Na tsokane shi, na ce yau ga Kwando ya zama faifai, bai tanka ba. Ɓangaren dama ya fita fes ke nan, sai ya tura rediyon gefena a kan benci.

"Wannan taka ce, Wanzam. Kuma ka yafe mini duk tsokanar da na yi maka."

Na ce, "Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Tafiya za ka yi?"

"A'a."

"Alhaji babanka ya biya maka Makka ne?"

"A'a."

"To in ka ba ni rediyo, da me za ka ji ƙwallo ranar Asabar?"

Ya ce, a hankali, ba tare da ya ɗago ba, "Ba zan buƙace ta ba."

Duk maganar barandar nan ta dawo mini lokaci ɗaya, kuma na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba da aska a hannuna. Na ninke ta, na sa a zabira, na ɗaure bakin zabirar na tura ta bayan itace. Na ce masa askar ta dushe.

Ya ce, "Ɗauko wata mana."

Na ce, "Duk sun dushe." Ni da na shekara ba abin da nake yi sai wasa su.

Ya ɗaga ido ya kalli madubi. Dama tal tana ƙyalli, hagu kuma daji guda yana tsaye. Ba ɗan kwalejin da zai taka ko nan da ɗakin cin abinci da irin wannan kai, kuma ni na san haka, shi ma ya sani. Na zagayo na zauna kusa da shi a bencin. Na yi bisimilla a zuci.

"Lawal, zan tambaye ka, kuma ba lafiya lau nake son ji ba. Kana tunanin kashe kanka ne?"

Can ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Ba wanda ya gaya mini. Tambayarka nake."

Sai ya kifa rabin kan nan a gwiwa ya fashe da kuka. Na bar shi ya yi, hannuna a bayansa. Da ya lafa ya fara magana. Ya ce tun farkon shekara barci ya ƙaurace masa, ya buɗe littafi ya karanta shafi ya kai ƙarshe bai san me ya karanta ba, abinci ba ɗanɗano, dariyar da yake yi ma aiki ce. Ya faɗi jarrabawa, an kira shi an ce sai ya maimaita shekara, bai gaya wa kowa ba. Alhaji kuwa ya riga ya gaya wa duk Gobarau cewa bana ake gamawa, ga 'ya'yan maƙwabta kowa ya fito ya sami ofis da mota. Ya ce shi ya zama kaya a kan kowa, in ba shi za a fi hutawa.

Wa'azi ya taso mini har maƙogwaro, ayoyi da hadisai duk sun yi layi. Na haɗiye su. Na ce, "Na ji ka. Abin da kake ɗauke da shi yana da nauyi, kuma ka daɗe kana ɗauka kai kaɗai. Yau dai ba inda za ka ba tare da ni ba. Tashi mu je wurin Sista."

Ya riƙe hannuna ya ce in rantse ba zan gaya wa kowa ba. Na ce ba zan rantse ba. Na ce ni wanzami ne, na san mai ƙari a ka, na san mai makero, na san wanda sanƙo ya fara ci yana ɓoyewa da hula, ban taɓa faɗa ba, amma wannan ba irin sirrin da ake riƙewa ba ne. Sista kaɗai, sai kuma wanda shi ya yarda.

Ya ce, "Za a ce na haukace."

Na ce, "Kalli aikin da na yi maka a ka. In za a ce wani ya haukace yau, ni za a ce."

Hula ba ta shiga, mun gwada tawa ta tsaya a kan dajin hagu kamar an kifa ludayi. Sai na kakkaɓe farin ƙyallen na naɗa masa shi kamar rawani, na kama hannunsa muka ratsa tsakiyar kwaleji. 'Yan banzan nan suka fito baranda suna ihu, "An naɗa Kwando! Ranka ya daɗe, Sarkin Suma!" Ni kuma na daki ƙirji ina cewa a ba da hanya. Da muka kusa sai na ji ya yi 'yar dariya ta hanci. Sista tana ganinmu ta karanta fuskata, ba ta tambayi rawani ba. Ta ce, "Lawal, shigo ka zauna, na ji daɗi da ka zo." Ta rufe ƙofa, ni na zauna a baranda.

Daga nan aikin ya koma hannun masu shi. Ta ba shi gado kusa da tebur ɗinta, ba a barinsa shi kaɗai. Ta sa aka tura kunkurunta ta je babban asibiti ta zo da likita, aka sa shi a magani, kuma kullum sai ta zauna da shi sun yi magana. Ta je wurin Firinsifal ta hana a liƙa maganar maimaita shekara a allo. Ta kira liman ta yi masa bayani, bawan Allah ya yi ta salati, ya ce shi da ya ɗauka shiriya ce. Ya zo ya zauna da Lawal, bai ambaci wuta ko sau ɗaya ba, rahamar Allah kawai ya yi ta faɗa masa. Abokan ɗakinsa da ya yarda a gaya musu suka riƙa karɓa-karɓa, suka dawo masa da takalmi da agogo, ni ma na mayar da rediyo. Washegari na je na ƙarasa masa askin, askata ta warke cikin dare ɗaya. Warkewarsa shi kuwa ta ɗauki watanni, wata rana sama wata rana ƙasa. Yana nan da ransa yau, ya koyar har ya yi ritaya, tsoho mai sanƙo, ko abin da zan aske babu. Amma a wancan makon ba wanda ya san haka.

Abin da ya hana Sista sukuni shi ne hutun azumi ya matso, kuma wancan yaron na bara a hutu aka rasa shi. Ta ce magani zai yi nasa, amma muddin Lawal yana ganin ba shi da fuskar shiga gidansu, ba za ta sallame shi ba. Dole Alhaji ya sani. Lawal ya ce shi ba zai iya ba. Ya ce shi ɗan fari ne, tun da aka haife shi babansa bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama da shi ba, in zai yi masa magana sai ya ce a gaya wa yaron nan. Kun san kunyar ɗan fari, ku yanzu kun yar da ita, amma a tsofaffin gidajen birni a lokacin ba wasa ba ce. Da lafiyarsa ya san al'ada ce. Da ciwon ya kama shi sai ya riƙa ganin ƙi ne. Sista ta ce ita in ta je, mace ce baƙuwa da farar riga, a zaure za a sallame ta. Ran nan ina zaune tare da su, sai Lawal ya kalle ni ya ce, "Wanzam, gobe Juma'a."

Askin Alhaji Abdu, baban Lawal, ni nake yi duk safiyar Juma'a tun da ƙafar babana ta gaza. Tsohon magatakardan kotu ne, mutum mai kwarjini, ba ya son a katse shi kuma shi yana katse kowa. Na same shi a zaure kan buzu, muka gaisa, ya tambayi babana, ya tambayi iyali, ya tambayi kwaleji, na ce lafiya lau. Na aske kai tsaf ban ce komai ba. Na gyara saje. Sai da na shafa sabulu a ƙarƙashin haɓa, na ɗaga kansa sama na ɗora aska a wuya, sannan na ce, "Alhaji, kada ku motsa, kuma kada ku yi magana, wurin nan ba ya son motsi. Akwai saƙo daga Lawal." A nan ne kaɗai babban mutum yake sauraro har ƙarshe. Na faɗa masa komai, ina jan askar a hankali yadda ban taɓa ja ba.

Ina ɗagawa ya ce, "Inna lillahi! A gidana? Sammu ne, ko iska. A kawo shi a yi masa rubutu."

Na ce, "A yi rubutu, Alhaji, Sista ma ba ta hana ba. Amma a bar shi ya sha maganin likita, ciwo ne kamar kowane."

"To jarrabawar banza ce za ta sa wanga yaro ya..."

Na ce, "Ba jarrabawar kaɗai ba ce. Ranka ya daɗe, ku gafarce ni, yana ganin ba ku son ganinsa. Ya ce bai taɓa jin sunansa a bakinku ba."

Ya zaro ido. "Ɗan fari ne! Ni ubana har ya koma ga Allah bai kira nawa ba. Kai Sule, a ina aka taɓa yi?"

Na ce haka ne, ba a yi. Na mayar da aska zan ƙarasa, sai na ga maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, dole na ɗaga hannu na jira. Muka ƙare askin. Na shafa masa alif saboda zafin aska, na tattara kayana, bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Na koma kwaleji, Lawal ya tambaye ni da ido, na ce na isar.

Bayan an sauko Juma'a muna zaune a barandar Sista, ni da Lawal a benci ɗaya, tana ta fama da shi ya ci tuwon da kuku ya aiko. Sai ga tasi ta tsaya. Alhaji ya fito da babbar riga fara, da sandarsa. Lawal ya zame daga benci ya durƙusa, kansa a ƙasa. Alhaji ya gaisa da Sista, gaisuwa mai tsawo, ya yi mata godiya, ya sa mata albarka. Ya gaisa da ni kamar ba ɗazu muka rabu ba. Ko inda yaron yake bai kalla ba. Sannan ya gyara murya ya ce, "Sule, ka gaya wa yaron nan, maganar makaranta ba komai. Ka gaya mashi..."

Ban san inda na sami ƙarfin hali ba. Na ce, "Alhaji, ga shi nan gabanku."

Tsohon nan ya tsaya, ya juya sandarsa a hannu, ya kalli bango, ya kalli Sista. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana gyara kwalaben da ba abin da ya same su. Sai can, da wata murya ƙasa-ƙasa kamar ba tasa ba, ya ce, "Lawal."

Yaron ya ɗago ya waiga bayansa, yana neman wanda ya kira shi.

"Lawal. Da kai nake."

"Na'am, Baba."

Alhaji ya tattara babbar rigarsa ya zauna a bencin, ya dafa wurin da ke kusa da shi da tafin hannu. Lawal ya tashi a hankali ya zauna a gefen ubansa. Alhaji ya jawo kwanon tuwon ya buɗe, ya ga ba a taɓa ba.

Ya ce, "Sista, a ba mu ruwan wanke hannu. Ni ma ban ci komai ba tun safe."